Sunan da Lai'atu ta Daina Kira

A shekarar 1950 ciwon sanƙarau ya ratsa ƙasar Kazaure, ya bar gidaje da dama babu mai hura wuta. A wata 'yar unguwa ta Kirista da ke gefen Roni, ya ɗauke wani manomi da matarsa Mairo a cikin mako guda. Suka bar 'ya'ya uku: maza biyu, da auta mai shekara shida wadda ake kira Dela, domin ta zo bayan maza.

Baffan yaran, Muhammadu Lawal, Musulmi ne mai fataucin hatsi a Babura. Ya zo ya karɓi gaisuwa, ya tafi da mazan. Dela kuwa, tun Mairo tana iya magana ta damƙa hannunta a hannun ƙawarta Lai'atu. Muhammadu Lawal bai ƙi wasiyyar mamaciya ba, amma ya kafa sharaɗi a gaban mai unguwa: zai dawo bayan kaka, in ya tarar yarinya ba ta sake ba, zai haɗa ta da 'yan'uwanta.

Lai'atu matar Daudu magini ce. Sana'arta matsar man gyada da suyar ƙuli-ƙuli, kuma ita ke ba da waƙa idan mata sun taru a coci. Shekara goma sha ɗaya ke nan da aurenta, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Abin da na rubuta a nan, daga bakinta na ji kafin ta rasu, na kuma ji daga bakin Dela. Ba a kan komai maganarsu ta zo ɗaya ba.

Da farko Dela ba ta kuka, kuma wannan ne ya fi tsorata Lai'atu. Kowace safiya sai ta sulale ta koma ƙofar ɗakin iyayenta, ta zauna riƙe da ludayin uwarta. In an ba ta tuwo sai ta gutsuri rabi ta rufe da faifai, ta ce na Inna ne. Lai'atu takan je ta goyo ta, ƙafafun yarinyar suna reto har gwiwarta, ta dawo da ita gida tana kiran sunanta tana rarrashi. Washegari a sake. Ta rasa ko ta hana ta zuwa, ko ta ƙyale ta. Ta tambayi Daudu, ya ce shi gini ya iya.

Da ruwan sama ya kankama, rufin ɗakin Mairo ya rufta. Dela ta je da hantsi ta tarar da tsibin ƙasa da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Ranar ta yi kukan da ba ta yi ba wata uku, har barci ya ɗauke ta a cinyar Lai'atu. Gyadar da ta baro a kan wuta a gida ta ƙone ƙurmus, Lai'atu ba ta motsa ba.

Bayan kwana kaɗan suka je rijiya tare. Lai'atu tana ta cewa, "Dela, miƙo guga. Dela, matsa daga bakin." Tsohuwa Inno, ungozomar unguwar, ta ajiye tulunta ta yi dariya.

"Dela, Dela, Dela, sai ka ce mai tallan goro! Ke 'yar nan, ba ki da ta ido?"

Wata ta ce, "Ƙyale ta ta kira, Inno. Ai ba ita ta yi naƙudar ba. Wa ke jin kunyar 'yar riƙo?"

Ba da mugunta suka faɗa ba, amma maganar ta zauna wa Lai'atu a ƙirji. Ta sani, kamar yadda kowa ya sani, uwa ba ta ambaton sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta ko dubansa sosai a gaban mutane. Ita kanta haka ta ga mahaifiyarta ta yi wa yayanta. Ranar Lahadi kuma mai bishara ya yi wa'azi cewa Allah bai ɗauke mu a matsayin baƙi ba, 'ya'yan gida ya mai da mu, babu bambanci. Lai'atu ta fito daga coci da shawara a zuciyarta. In Dela 'yarta ce babu bambanci, to, 'yar fari ce. In kuwa 'yar fari ce, ta cancanci alkunya.

Daga ranar ta daina kiran sunan. Sai "ke", ko "yarinyar nan". A coci ta koma can ƙarshen benci. In za ta ba ta abinci a gaban baƙi, sai ta miƙa wa Daudu ya miƙa. Ta gaya mini cewa hannuwanta har ƙaiƙayi suke don son ɗaukar yarinyar, amma ta daure, domin a ganinta wannan ce kyauta mafi girma da take da ita.

Dela kuwa auta ce. A gidansu sunanta ake tashi da shi, shi ake kwana da shi. Ba ta taɓa lura da yadda ake yi wa babban wanta ba. Abin da ta gani kawai shi ne, ta yi kuka a cinyar matar nan, gyada ta ƙone, sai matar ta janye jiki. Ta yanke wa kanta hukunci cewa gyadar ce. Sai ta shiga biya da aiki. Ta yi shara, ta wanke tukwane, ta ɓare gyada har yatsunta suka tsage, tana jira a ce, "Sannu, Dela." Lai'atu ta ga haka ta gode wa Allah, tana cewa yarinya ta sake, har ta kama aikin gida. Ba ta lura ba an koma rufe rabin tuwo da faifai.

Daudu ne ya lura. Ya je wurin mai bishara ya ce, "Malam, alkunyar nan zunubi ce ko ba zunubi ba ce?" Mai bishara ya sosa ƙeya. Ya ce bai ga inda aka hana ba, bai ga inda aka umarta ba, kuma shi kansa matarsa ba ta kiran sunan babban ɗansu. Ya ce su yi addu'a. Suka yi, Daudu ya dawo gida yadda ya tafi.

Da aka gama ɗaurin gero, Muhammadu Lawal ya iso a kan jakinsa. Aka shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar ƙofar gida, mai unguwa ya zauna, mata suka tsaya daga nesa. Baffa ya dubi yarinyar, ya ga ta yi tsawo amma ta rame.

"Uwata, yaya zama? Ana dukanki?"

"A'a, Baffa."

"Ana hana ki abinci?"

"A'a."

"To, mene ne?"

Dela ta sunkuyar da kai. "Ta manta sunana."

Baffa ya juya wajen Lai'atu, wadda ta durƙusa can gefe. "Baiwar Allah, kira ta mu ji."

Lai'atu ta kau da kai. Ta ja mayafi ta kare fuska, ta ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Ba zan iya ba."

Mai unguwa ya gyara zama, yana zaton magana ta ƙare. Sai ga Muhammadu Lawal ya tuntsire da dariya har yana share ido. "Allahu akbar! Ni Lawal ne, ɗan fari. Tsohuwata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Mai unguwa, wannan ba riƙo take yi ba, haihuwa ta yi. Na bar mata."

Mata suka rangaɗa guɗa. Inno ta ce, "Yauwa, yanzu ta zama mace." Lai'atu ta ji kamar an sauke mata dutse daga ka. Babu wanda ya dubi Dela, balle ya yi mata bayani. Ita dai ta ji an ce a kira ta, an ce ba za a iya ba, kuma kowa ya yi murna.

Baffa ya yi sallama ya hau jakinsa. Ya yi nisa kaɗan, daidai rijiya, sai aka ga yarinya tana bin sa a baya da ƙafa, ludayin uwarta a hannu. Ba ta gudu, ba ta waiwaye. Muhammadu Lawal ya tsaya yana dubanta. Ya ɗaga murya ya ce, "Ni dai na ba da. Amma in ta biyo ni, ba zan kore ta ba."

Lai'atu ta miƙe. Ta ce a lokacin ba ta san abin da ya kamata ba ko kaɗan. In ta kira, ta koma mai riƙo a idon matan da suka yi mata guɗa yanzun nan, kuma a gaban mutumin da ya bar mata yarinya saboda shirunta. In ta yi shiru, ga 'yar fari tana tafiya Babura. Ta ce a zuciyarta, "Ya Ubangiji Yesu, ni ban gane ba." Sai ta ji muryarta, irin wadda take ba da waƙa da ita a coci, ta fita tun ba ta gama shawara ba.

"Dela! Dela! Dawo gida, Dela!"

Yarinyar ta tsaya cik.  Sannan ta juyo, ta tako a hankali har ta zo gaban Lai'atu, ta ce, "Ba zan ƙara ƙona gyada ba."

"Wace gyada?" in ji Lai'atu.

A wannan gaɓar ce maganarsu ta rabu. Dela ta ce nan take Lai'atu ta goye ta a gaban kowa. Lai'atu ta ce sam, kunya ta hana ta, hannu kawai ta ja ta suka shiga gida. Inno dai ta yi wata guda tana yi mata ba'a, Muhammadu Lawal kuwa ya tafi yana girgiza kai, yana cewa shi bai san ko uwa ya bar wa yarinyar ba ko kaka. Bai fasa aiko musu da hatsi kowace shekara ba, kuma yakan kawo mazan su yi kwana biyu.

Lai'atu ba ta taɓa haihuwa ba. Har ta tsufa ba ta yanke ko daidai ta yi ba. Wani lokaci takan kira sunan, wani lokaci, in akwai baƙi, sai ya maƙale mata. Rabin tuwon kuwa an ci gaba da rufe shi har kusan shekara biyu, sai ta koyi barin faifan a inda yake.

Lai'atu ta rasu a 1988. Dela tana nan da ranta a Roni, ta haura tamanin, ludayin yana rataye a ɗakinta. 'Yarta ta fari sunanta Lai'atu. Dela ba ta kiran sunan, Uwa take ce mata, amma tun ranar da yarinyar ta fara wayo ta zaunar da ita ta gaya mata dalili.