Wanda Aka Sa wa Kwat Ɗin Orval

Rubuta yadda na faɗa, 'yar nan, kar ki gyara min magana.

Orval Tidwell maƙwabcinmu ne a Burbank, garin 'yan fim, dogo, kullum fuska a murtuke. Ya yi shekaru yana fitowa a fina-finan kaboyi, aikinsa ɗaya: ya shigo gari a kan doki, a harbe shi, ya faɗo. Tun da kamfanin fim ya sallami wani abokinsa ana yi masa murmushi, bai ƙara yarda da haƙoran kowa ba.

Wata safiya ya je wurin ɗaukar fim, sai ya tarar da wani saurayi, Lyman, tsayinsu ɗaya, sanye da kwat irin tasa, an tsayar da shi ana gwada fitilu a fuskarsa.

"Wannan kuma fa?" in ji Orval.

Darakta ya dafa shi. "Dattijo, kai ne babban mugu a fim ɗin nan, sai ƙarshe za ka mutu. Shi zai riƙa tsaya maka a zafin fitila, kai kana hutawa. Manya ake yi wa haka."

Orval ya ce, "Uhm."

A gida ya ƙi cin abinci. Matarsa Delphine ta ce, "Tsoho, an ba ka kujera da sunanka a jiki, kana laluben ƙusa a ciki?"

"Ba ki san su ba. Yau kwat, gobe doki, jibi gurbina. Tafiyata suke koya masa."

"Wace tafiya? Faɗuwa kawai ka iya!"

Washegari ya kori Lyman, ya ce shi zai tsaya wa kansa. Fitilun zamanin nan kuwa ba sa wasa da ido. Ya yini a gabansu ƙiƙam, ko ƙiftawa ba ya so ya yi, kada yaron ya matso. Kafin mako ya fita idanunsa sun kumbura suntum, likita ya ɗaure su, ya ce sai ɗaki mai duhu.

Kamfani ba ya jiran mai jinya. Aka duba wanda kayan Orval za su yi wa daidai, ga Lyman a zaune a gefe, aka ba shi gurbin babban mugun.

Da Delphine ta gaya wa Orval, sai ya juyo da ɗaurarriyar fuskarsa wajenta, har da 'yar dariya.

"Ban faɗa miki ba?"

Da ya warke ya koma hawa doki ana harbe shi, har gwiwoyinsa suka ƙi.