Tsohon da Ya Zo Koyon Shari'ar Soja a Shagona

Ɗa ɗaya gare shi a soja, mai igiya ɗaya a hannu, kuma da albashin yaron nan gida biyu ke ci: na tsohon, da na ƙanwarsa da aka kashe wa miji. Yaron yana tsare a bariki yana jiran kotun soja. Laifinsa shi ne ya bar bakin aiki ba izini. Ya ji an kai hari ƙauyensu a kan dutse bayan Mora, ya roƙi kaftin ɗinsu permisiyon, wato izinin tafiya, aka hana shi, sai ya hau moto ya je ya sauko da uwarsa. Da ƙafarsa ya komo, aka rufe shi. Ko a kore shi, ko a ɗaure shi, ko a bar masa kakinsa. A haka uban ya shigo shagona a Garwa.

Sana'ata tura fim a waya da katin memori. Da tebur da kaset na fara a bakin kasuwa, har Allah ya ba ni shago. Shi kuwa tsohon albasa yake kawowa. Kirista ne, mutumin dutse, da Hausa muka saba ciniki.

Ya ce, "Alhaji, an ce kana da fim ɗin da ake yi wa soja shari'a."

Na ce, "Baba, kai da albasa na san ka. Yaushe ka koma kallo?"

"Ba kallo zan yi ba. Karatu zan yi."

Na ba shi benci. Kullum in ya tashi kasuwa sai ya zo, in sa masa fim na Turawa, ina juya masa Faransancin da Hausa. Kusan duk hanyarsu ɗaya. Ƙaramin soja yana cikin akwatin kotu, wani matashin lauya ya matsa wa babban hafsa da tambaya har gumi ya karyo masa, gaskiya ta fito, kiɗa ya tashi. Tsohon sai ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Yawwa! Haka ake yi."

A garinsu, in ɗa ya yi laifi, uba ne ke miƙewa gaban dattawa ya yi magana a madadinsa. Shi ya ɗauka kotun soja ma haka take. Ya shirya jawabinsa tsaf: zai miƙe, ya nuna kaftin da yatsa, ya tambaye shi ko shi ba uwa ta haife shi ba.

Ni kuma akwai ɗabi'ar da sana'a ta koya mini. Ba na sayar da fim sai na ja shi zuwa wutsiya, don in tabbatar bai yanke ba. Saboda haka na sha karanta rubutun nan na ƙarshe da kowa ke kashewa. A yawancin irin waɗannan finafinan, can ƙasa za ka ga an gode wa rundunar sojan ƙasarsu da ta ba da aron bariki da jirage da kaki. Na tsayar da fim ɗin a nan, na nuna masa.

Ya ce, "To ƙarya ce ke nan?"

Na ce, "Ba ƙarya ba ce, Baba, talla ce. Ni ma in zan sayar da kati, mai kyaun nake sawa a gaba. Sukan yarda a nuna mugun hafsa ɗaya, a fitar da shi, don mai kallo ya tashi yana cewa gidan soja yana wanke kansa. Kuma ka lura, da an gama shari'a lauya kyamara take bi. Ƙaramin sojan ba a nuna mana me ya ci washegari."

Na ba shi shawara: mu nemi avoka, wato lauya, a kawo uwar yaron a gan ta, a nemi sassauci, a bar kaftin inda yake. Ransa ya ɓaci.

"Kai ɗan kasuwa ne, Alhaji. Har gaskiya ma sai ka rage mata farashi."

"Na ji. Amma ɗanka muke son saye, ba gaskiya ba."

Ranar shari'a na rufe shago na raka shi. Ba ihu, ba kiɗa. Ɗaki ne da fanka, ana ta magana da Faransanci a hankali, kamar ana awon auduga. Kaftin ɗin ma ba ya nan, yana can bakin daga. Avoka ya ce yaro ya amsa laifinsa, ya komo da kansa, ga kuma uwar da ya je ɗaukowa. Tsohuwar tana zaune ta rufe kai. Ba wanda ya kira uban. Da ya ga ana shirin rufe magana sai ya yunƙura zai miƙe, na riƙe gefen rigarsa da ƙarfi. Ya dube ni, ya koma ya zauna.

Aka cire wa yaron igiya, aka ƙara masa ɗan zaman tsare, aka bar shi a aiki.

In an yi lissafi, yaro ya tsira da kakinsa, gida biyu ba su kwana da yunwa ba. Tsohon ya samu ɗansa, amma ya koma dutse da maganarsa a ciki, kuma a garinsu an san ya je gaban alƙalai bai buɗe baki ba. Wannan ba ƙaramar asara ba ce ga irinsa, ni kuma na jawo masa ita. Yana gaishe ni in mun haɗu a kasuwa, amma hira ta ƙare tsakaninmu. A ganina cinikin ya yi riba. A ganinsa an biya da tsada, kuma ban taɓa yi masa musu ba.