Abla Ramlatu da Bututun Hajiya Ɗaso

Kullum da hantsi, kafin ta ɗora shayi, Abla Ramlatu takan jiƙa soso ta matse, ta sa shi cikin akwatin celo, don zafin Makka ba ya barin katako ya zauna lafiya. Sai ta ɗaure tsirkiyoyin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, tana karkata kai kamar mai sauraron gulma. Celo dai, ga wanda bai sani ba, goge ne da ya ci ya ƙoshi. A zaune ake goga shi, a jingine da ƙirji, yana tsaye kan ƙafar ƙarfe guda. A Khartum ta koyo shi, inda kakanninta suka yada zango a hanyar hajji. Shekara ashirin da biyu tana koyar da shi a benen wani gida a unguwar Mansur, da farko labule a sake, daga baya a fili.

Ɗalibanta sun kama daga Arwa 'yar shekara bakwai, wadda ƙafarta ba ta kai ƙasa, har zuwa masu jikoki. Dokarta ɗaya ce: da ladan ya ce Allahu Akbar, a ɗaga hannu daga kiɗa, ko da a tsakiyar waƙa ne.

A ƙasan benen Hajiya Ɗaso take, tsohuwar mai masa da ta zo ta Chadi. Allah ya yi ta da son sanin ƙwaƙwaf, amma girman kai ya hana ta hawa. Da farko da ta ji sautin, ta rantse saniya ake ɓoyewa a sama. Ranar da ta ga an sauko da baƙin akwatin kuwa, salati ta saka, ta ɗauka gawar yaro ce. Haka ta yi shekaru tana ƙirƙiro amsa tana rushewa, har likita ya gaya mata kunnenta na mutuwa, kuma ba zai dawo ba. A ranar ta hau benen.

"Na zo in ga abin da ke kuka a kaina, tun kunnen bai ƙarasa tafiya ba," in ji ta.

"Ahlan, Hajiya. Yalla, zauna nan."

Abla ta jingina mata celon a ƙirji, ta ja bakan gogawa a kan tsirkiya mafi kauri. Ɗaso ta zabura.

"Ish hada? Mene ne wannan? Ramlatu, a ƙashina nake jin sa!"

Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, sai ga ainihin damuwar ta fito. "Wallahi ba kiɗa ne ya dame ni ba. A Makka nake, 'yar nan. A ce ana kiran salla ina zaune kamar buhu?" Ɗanta yakan tashe ta da asuba, ya dawo kafin lisha, amma wuni guda ita kaɗai ce. Wayar da ya saya mata mai girgiza kuwa, rabin lokaci a cikin kwanon shinkafa ake tsinto ta.

Wani zai ce Allah ya sawwaƙe ya wuce. Abla ta tsaya tana kallon ƙafar ƙarfen nan, tana tambayar kanta ina rawar sautin take zuwa idan ta shiga ƙasa. Kwana uku suna gwaji. Ta ja celon daga kusurwa zuwa kusurwa, Ɗaso na ƙasa tana dafa bango, tana dafa ƙofa, tana buga silin da sandar tsintsiya sau ɗaya idan ba ta ji komai ba. A rana ta uku aka ji bugun murna ba ƙaƙƙautawa. An dace da bututun ruwan da ya sauko ta bangon kicin.

Tun daga nan Abla ta cire robar ƙafar celon, ta mayar da kujerar ɗalibai gindin bututu, ta kuma jera darussa su ci karo da azahar, la'asar da magariba. Ɗalibai sun sha mamakin wannan matsattsen lungu. A ƙasa kuwa Ɗaso na zaune, bayanta a jikin bututu. Da rawar ta yanke, sai ta miƙe ta ɗauki buta. Shekara shida ke nan kunnenta a rufe, ba ta makara ba. Har hannun ɗalibai ta haddace. "Yau ƙaramar nan ce," takan ce, "mai gaggawa."

A watan jiya kafaɗar Abla ta dama ta ƙi, likita ya hana ta jan baka. Ta miƙa ɗalibanta ga Nora, tsohuwar ɗalibarta da ke unguwar Shisha. Ɗaso ta hau ta yi mata sannu, ta sa albarka, ba ta ce uffan kan bututu ba. Amma ta sauko zuciyarta a jagule.

Washegari ta zauna a wurinta don sabo kawai. Gab da azahar sai bututun ya motsa. Rawa ce mai tangal-tangal, tana tafiya tana tuntuɓe, hannun da ba ta taɓa sani ba. Sai rawar ta yanke. Ɗaso ta yi salla, sannan ƙwaƙwaf ya ja ta sama ta ga wane sabon ɗalibi ne mara kai haka.

Abla ce ita kaɗai a lungun, hannun dama a rataye, baka a hannun hagu, tana koyo daga farko tana da shekara sittin da uku.

Ke ce, Abla Ramlatu, malamar da ba ta taɓa hawa dandamali ba, mai sauraro ɗaya tal, ita ma kurma. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba kafaɗar nan lafiya. Mu kuma masu sana'a, kowa ya leƙa ƙasan benensa ya ga wa ke jingine da aikinsa.

Ɗaso ta daɗe a bakin ƙofa tana share ido. Sannan ta ce, "Hannun nan da saura, 'yar nan. Amma na ji."