Kwalbar Ɓawon Lemo ta Inna

Inna ta ƙarar da ƙuruciyarta tana goge-goge a ofisoshi, har magungunan wanke ƙasa suka ci mata ƙirji, hancinta ya daina jin ƙamshi. Da tari ya tsananta, aka sallame ta.

Ba ta iya zama da dauɗa ba. Sai ta riƙa karɓo ɓawon lemo wurin mai kayan marmari, ta jiƙa a ruwan kal mai tsami cikin kwalba, in ya tsumu ta goge ɗakinta da shi.

Rannan ta miƙa wa matar ɗanta kwalbar. "'Yar nan, shinshina min. Da ƙamshi kuwa?"

"Inna, kamar in sha!"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Damina ba ta kai ƙarshe ba Allah ya yi mata rasuwa.