Waƙar Mutanen Yamma

Turancin da na tsinta a makaranta bai fi a ce barka da safiya a tambayi sunan mutum ba. Amma a ƙauyenmu an ɗauka na iya, ni kuma ban taɓa musantawa ba.

Kawuna, yayan mahaifiyata, manomin auduga ne. Wata ranar kasuwa a garin Hajj Abdalla, bayan azahar, na ja shi wani shago inda ake nuna bidiyo. Aka sa wani tsohon fim na kaboyi, irin na farkon masu launi. Samaniya kore-kore take, fuskokin mutane jawur kamar an shafa musu lalle, muryarsu kuma kamar daga cikin tulu take fitowa. Ba su cika harbi ba, waƙa suka fi yi.

"Kai ustaz, su wa ke nan?" in ji Kawu.

Na ce, "Fim ɗin mutanen yamma ake ce mishi."

Ya gyara zama. A bakinmu yamma ƙasar iyaye ce, inda mahaifinsa ya baro a ƙasa da niyyar aikin hajji, ya tsaya noma a nan yankin Jazira, kan hanyar Makka, har ya rasu. Da wani mai faffaɗar hula ya jingina da shingen shanu ya fara rera waƙa a hankali, Kawu ya dafa gwiwata.

"Mi shika cewa?"

Ko kalma ɗaya ban ji ba. Mutane biyu a bencinmu sun juyo suna jira. Sai na ce mutumin ya baro garinsu a yamma, hanya ta riƙe shi, yana roƙon Allah kada ya mutu bai koma ba.

Da fim ya ƙare muka hau mota muka koma gida. Daga ranar Kawu ya ɗauki karin waƙar ya zuba mata kalmomin Hausa, da sunan mahaifinsa a ciki. In yana buɗe wa hawasha, wato gonarsa ta auduga, ruwa, ita yake yi. Shekara da shekaru ina jin ta daga bakin tur'a, magudanar ruwan ban gona. Sau da yawa na yi niyyar faɗa masa, sai in ga ai ba ta cutar da kowa.

Bara 'yarsa, wadda ta koyar da Turanci a Sinnar, ta so ta faranta masa. Ta yi ta nema a waya har ta samo fim ɗin, da fassarar Larabci a ƙasa. Ina zaune ta riƙa karanta masa layi-layi. Ashe mutumin wata mai sayar da giya yake yi wa kirari, yana yabon ƙafafunta.

Ta fara dariya, ta dubi ubanta, ta daina.

Washegari na same shi a kan angarib, gadon igiya, ƙarƙashin dalbejiya. Na durƙusa na ce ƙuruciya ce da jin kunyar mutane.

"Ƙuruciya ta rana guda ce," in ji shi. "Sauran shekarun fa? Kana jina ina kiran ubana da waƙar mashaya, kana wucewa da jakinka kana ce mini sannu da aiki."

Na ce ya yafe mini.

"Halas, shi ke nan, na yafe. Amma wasiƙun danginmu na Sakkwato, waɗanda ka riƙa karanta mini, su ma haka kay yi?"

Da boko ake rubuto su, shi kuwa ajami ya sani. Na rantse masa ban taɓa ƙara harafi ko na rage ba, kuma gaskiya na faɗa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya kira 'yarsa, ya ce ta ɗauko gwangwanin da wasiƙun suke ciki, ta karanta masa tun daga ta farko. Ni kuma ya ce in tafi, rana ta yi, dabbobina ba su sha ruwa ba.