Finjalin Gahawa a Sa'alaba

Mun tashi da asuba daga Kaduna, ni da abokin aikina, muka nufi Kano inda za mu hau jirgin Jidda. Kamfani ne ya tura mu aikin injinan sanyi na 'yan makonni. Matata ta rako ni bakin mota tana murna, wai za ni ƙasar da ko warin giya babu. Ni ma haka na ɗauka. Masu bina a wannan shafin sun san na bar shan giya, kuma abin da ke riƙe da ni shi ne zaman da muke yi duk Alhamis, mu masu wannan larura, kowa ya faɗi yadda ya ga makonsa. Ban taɓa yin nisa da su haka ba.

Jidda ta tarbe mu da zafi mai danshi, irin wanda riga ke manne wa mutum tun bai kai mota ba. An sauke mu a Bagdadiyya, unguwar ofisoshi da kantuna. Tituna sumul, amma tsallaka su sai da addu'a. Da safe ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis mai zafi, da 'yan riyal kaɗan ka ƙoshi har azahar. Komai akwai, sai abokin hira. In an tashi aiki sai in zauna a ɗaki, ni da ƙarar na'urar sanyi. Kewa ta dame ni ƙwarai.

Ana nan sai abokin aikin nawa ya samu wasu 'yan ƙasarmu da ke kwangila a can. Wata la'asar ya shigo da gorar ruwa yana dariya, ya buɗe. Kafin ya yi magana hancina ya riga ya gaya mini. Giya ce da ake dafawa a ɓoye. Ya ce zai bar ta a firjina, nasa ya lalace. Na buɗe baki in ce a'a, sai na ji na ce to. Matsalata ke nan tun asali: ba na iya mayar da abin da aka miƙo mini.

Alhamis ta zo, gorar na nan. Mai jagorantar zamanmu na Kaduna ya taɓa ba ni kwatancen wani wuri a unguwar Ruwais da ake irin zamanmu. Na je, na tarar shagon gyaran waya ne yanzu. Na tsaya a bakin titi kamar wanda aka manta da shi a tasha. Wa zan tambaya? A garin da shan giya kan jawo kamu da kora, ba ka tsayar da mutum ka ce masa kana neman zaman mashayan da suka bari. Na kira Kaduna, aka yi ta cigiya, daga baya aka turo mini wata lamba. Mai lambar bai tambayi sunana ba. Ya ce in zo unguwar Sa'alaba, bayan la'asar.

Sa'alaba tsoffin gidaje ne gajeru, da lunguna, da fuskoki irin namu, jikokin alhazan da suka zo suka zauna. Har ƙamshin tsire na ji. A wani falo na same su, maza ne zaune a kan darduma. Da Larabci ake komai, ban tsinci ko kalma ba. Na zauna ina kallon bakinsu, kaɗaicin ya fi na ɗakin otal.

Wani na zagayawa da butar gahawa. Ya zuba mini a finjali, na shanye, na miƙa masa, ya sake zubawa. Na shanye, ya ƙara. Gahawar ga ɗaci, amma kunya ta hana ni ƙi. Ban san adadin da na sha ba. Wani dattijo baƙi da ke gefena ya dafa gwiwata.

"Ɗan'uwa, kai Bahaushe ne? Yaʿni a nan ba a cewa ya isa. Kaɗa finjalin, haka. Khalas, shi ke nan. In ba ka kaɗa ba, wallahi har gobe zai zuba."

Na kaɗa. Mai butar ya karɓa ya wuce, ko kallona bai yi ba. Babu wanda ya ji haushi. Da layi ya zo kaina na yi maganata da Hausa, na faɗi zancen gorar. Dattijon kaɗai ya ji, bai kuma fassara ba. Sauran suka saurara har na gama.

Na koma masauki kafin isha. Na ciro gorar, na ƙwanƙwasa ƙofar abokina, na miƙa masa kayarsa. Ya ce haba, shigo mana, ya ɗauko kofi ya miƙo mini. Na karɓa, na kaɗa shi babu komai a ciki, na mayar masa. Ya tsaya yana kallona, ya ɗauka zafin Jidda ne ya taɓa ni.

Sauran kwanakin ma ba su yi daɗi ba, ni kaɗai nake cin tamis ɗina. Amma na sauka Kano lafiya, na iso Kaduna kamar yadda na bar ta. Tafiyar ta koya mini cewa babu ƙasar da za ta ce a'a a madadina. Tsarabar matata dabino da turare. Tawa finjali ɗaya, yana aljihuna yanzu haka, da shi zan je zaman Alhamis.