Katin da Babu a Tabarmar Inna

Ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa yin karta ba, amma na san gidajenta tun ina yarinya a Illela. Kakata, Inna Kulu, ita ta nuna mini.

Bayan magariba, in an sauke tuwo, mukan kewaye murhu. Sai ta kwance bakin zanenta ta fiddo kati ukku ta jera a tabarma: mai kan mashi, mai ganye, da ja mai siffar laya. Na ɗanta ne, Baffa Mamman, wanda ya ƙetara Ƙonni da fatauci bai komo ba. Ta ƙona sauran don tana ƙin caca. Waɗannan daga baya ta tsince su ƙarƙashin shimfiɗarsa, hannunta ya kasa kai su wuta.

Yayana Sanda yakan ce, "Inna, masu karta na bakin tasha sun ce mashi ne babba."

"Mi sunka sani? Matso ka ji. Ga ta nan ta iso gare ku."

Wai 'yan'uwa huɗu sunka yi gardamar girma. Mashi ya ce shi ke tsaron gida. Ganye ya ce shi ke miya. Laya ta ce ita ke korar mugun baki. Zuciya ba ta ce komi ba. Uwarsu ta ce kowa ya yi tafiya, a ga wanda gida zai fi jin rashinsa. Mashi ya tafi, anka tokare ƙofa. Ganye ya tafi, anka sha fura. Laya ta tafi, anka yi addu'a. Da Zuciya ta tafi, anka tuƙa tuwo, anka zauna, loma ta ƙi wucewa.

Na ce, "Inna, to ina mai zuciyar?"

Ta daɗe tana gyara itace. "Yana aljihun mai shi. Ran da ya komo mu cika su."

Har Allah ya ɗauke ta, ukku ne.

Yau ni ke bakin murhu. Autana ya bi motar Agadas, wayarsa ta daina shiga. Jiya jikokina na karta a zaure, har da rantsuwa kan wane gida ya fi. 'Yar autan nawa ƙarama ta rugo. "Kaka, ke faɗi, wane ne babba?"

Na dubi kwanon ubanta da nake rufewa kullum. Na ce, "Wanda babu a tabarma, 'yar nan. Zauna in ba ki labari."